TARIHIN ƊIGON JININ DA YA KOYA WA ZAKARUN KWALE-KWALE RAGE GUDU

Yau za mu ɗan ajiye saitin waya a gefe mu taɓa tarihi, amma tarihin wani abu ne da ke ɗaure a hannun da yawa daga cikinmu.

Idan kana da agogon zamani mai ƙirga bugun zuciya, ko ka taɓa sauke manhajar motsa jiki a wayarka, na san ka ga waɗannan matakai guda biyar masu launi daban-daban. Kana gama gudu sai manhajar ta ce ka yi minti kaza a mataki na biyu, minti kaza a na huɗu. Wasu agogunan ma har rubuta maka suke yi wai ga iyakar laktet ɗinka. To mene ne laktet ɗin? Kuma ta yaya agogon da bai taɓa ganin jininka ba zai san abin da ke cikinsa?

Amsar tana cikin labarin da ya faro daga nono mai tsami, ya bi ta ɗakunan bincike na Ingila da Jamus, ya ƙare a fatar kunnen 'yan tseren kwale-kwale. Ka daure ka karanta har ƙarshe, domin zai iya canza yadda kake wahalar da jikinka da sunan atisaye.

WANE IRIN TSERE MUKE MAGANA A KAI?

Kada ka ɗauka irin tseren kwale-kwalen bikin Argungu ne, wanda matuƙi ke fuskantar gaba da filafili a hannunsa. Wannan na Turawa ne. Matuƙin yana zaune a kan kujera mai zamewa, ya juya wa inda za shi baya, filafilin kuma a maƙale yake a jikin jirgin. Yawancin ƙarfin daga ƙafa yake fitowa, sai baya, sannan hannu. Jami'o'in Oxford da Cambridge sun fara karawa a wannan wasa tun 1829, kuma an fara yin sa a gasar Olamfik a birnin Faris a 1900.

Tsawon tseren mita 2,000 ne. Jirgi mai matuƙa takwas yana gamawa a ƙasa da minti shida, mai mutum ɗaya kuma wajen minti bakwai. Nan matsalar take. Minti shida ya yi tsawo a ce mutum ya saki duk ƙarfinsa kamar mai gudun mita 100, ya kuma yi gajarta a ce ya yi ta lallaɓawa kamar mai gudun yada ƙanin wani. Shekara da shekaru masu horarwa suna ta musu: wane irin atisaye ne ya dace da tseren da yake tsakiya haka? Ɗigon jini ne ya raba gardamar.

DAGA NONO MAI TSAMI ZUWA TSOKAR KWAƊO

A 1780, wani mai haɗa magunguna a ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya ware wani sinadari daga madarar da ta yi tsami. Shi ne laktik asid, wato tsamin madara. Wannan tsamin da kake ji a kindirmo, ai shi ne. A farkon ƙarni na 19 kuma wani ɗan ƙasarsu, Berzelius, ya ci karo da irin wannan sinadari a tsokar barewar da mafarauta suka kora har ta galabaita. Tun daga nan aka fara haɗa shi da gajiya.

A 1907, masana biyu a Cambridge, Fletcher da Hopkins, suka yi gwaji da tsokar kwaɗo. Suka ga idan aka sa tsokar aiki babu iskar oksijin, sinadarin yana taruwa, tsokar kuma ta daina motsi. Idan aka ba ta iska sai ya ɓace. Bayan su sai A. V. Hill na Ingila da Otto Meyerhof na Jamus suka faɗaɗa binciken, har suka raba kyautar Nobel ta shekarar 1922. Shi Hill ɗan gudu ne, kuma da kansa yake yin wasu gwaje-gwajen, yana gudu da jakar tara numfashi a bayansa.

Hukuncin da duniya ta yanke a lokacin shi ne: laktik asid shara ce, tsoka ke fitar da ita idan iska ta gaza, kuma ita ke kawo gajiya. Riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta, domin daga baya an gano an yi wa sinadarin ƙazafi.

Bayani ɗaya kafin mu wuce. A cikin jinin ɗan Adam, kusan duk wannan sinadari yana zama ne a wata siffa da ake kira laktet, kuma shi ake aunawa. Ma'auninsa milimol ne a kowace litar jini. Kana zaune kana karanta wannan rubutu, naka yana wajen 1. Ɗan kwale-kwalen da ya gama mita 2,000 da iya ƙarfinsa zai iya haura 15.

ZAMANIN A SHA WUYA A CI RIBA

Daga 1920 zuwa 1956, duk gasar Olamfik da aka yi, Amurka ce ke ɗaukar zinare a jirgi mai mutum takwas, sau takwas a jere. Wanda ya karya wannan lagon malamin makarantar sakandare ne a wani ƙaramin gari mai suna Ratzeburg a arewacin Jamus, sunansa Karl Adam. Asalinsa ma ɗan dambe ne. Ya leƙa wajen 'yan guje-guje ya aro tsarinsu na a yi gudu mai tsanani, a ɗan huta, a sake yi, ya kawo shi kan ruwa. A gasar birnin Roma ta 1960 yaransa suka ci zinare, suka kuma maimaita a Meziko a 1968.

Ka san halin mutane, in aka ga wani ya dace sai kowa ya bi sahu. Ƙasashe suka rungumi atisaye mai zafi. Aka ɗauka cewa tunda tseren akwai azaba, to dole atisayen kullum ya zama azaba, domin jiki ya saba da tsamin. Idan ɗan wasa bai fito daga jirgi yana layi ba, ai ranar bai yi komai ba.

Sai masu bincike suka fara auna abin da ke faruwa a zahiri. Wani malami a Jami'ar Ohio ta Amurka, Fritz Hagerman, ya yi shekaru yana gwada 'yan tawagar ƙasarsu. A 1978 ya fitar da sakamakon cewa a tuƙin minti shida, wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin yana fitowa ne ta hanyar da jiki ke ƙona abinci da iskar oksijin. Binciken da aka yi daga baya ma ya ɗaga adadin zuwa 80 ko fiye. Ka gane abin da hakan ke nufi? Tseren da ake ta yi wa kallon na masu jure zafi, ashe mafi yawansa aikin zuciya da huhu ne. Su kuwa waɗannan, doguwar tafiya mai sauƙi ce ke gina su, wata bayan wata.

Tambayar da ta rage ita ce: sauƙin nan, har zuwa ina? A ina ne aiki yake tashi daga wanda jiki zai iya riƙewa zuwa wanda zai kayar da shi?

LAMBA 4 TA BIRNIN KOLON

A birnin Kolon na Jamus ta Yamma akwai jami'ar wasanni, inda likita Wildor Hollmann ya kafa cibiyar binciken zuciya da lafiyar 'yan wasa a 1958. Shekara ɗaya bayan haka, a wani taro a Chicago, ya bayyana cewa idan ana ƙara wa mutum nauyin aiki a hankali, akwai wani wuri da numfashinsa da laktet ɗin jininsa suke fara hawa da sauri. A 1964, Wasserman da McIlroy a Amurka suka bi ta hanyar auna numfashi suka isa ga irin wannan iyaka, suka kuma raɗa mata sunan da ya bazu a duniya.

Matsalar wancan lokaci ita ce aunawar. Sai an soka allura a jijiya an ɗebi jini mai yawa, an kai ɗakin gwaji, an jira. Wa zai yi wa ɗan wasa haka sau shida a zama ɗaya? Da dabarun gwaji suka inganta, sai ya zama ɗigo kaɗan daga fatar kunne ya wadatar. Ga ɗan kwale-kwale kuwa kunnen ya fi dacewa, tunda hannayensa suna riƙe da filafili, yatsun duk kanta da gumi.

A nan ne Alois Mader ya shigo. Likitan 'yan wasa ne a Jamus ta Gabas, ya tsere zuwa Yamma a 1974, ya haɗu da Hollmann a Kolon. A 1976 shi da abokan aikinsa suka fitar da maganar da ta zagaye duniya: a matsakaici, idan laktet ya kai milimol 4, an zo iyaka. Ƙasa da nan, jiki yana iya kwashe abin da tsoka ke fitarwa. Sama da nan, taruwa zai yi ta yi har sai mutum ya tsaya. A 1977 Mader da Hollmann suka yi rubutu na musamman a kan manyan 'yan kwale-kwale.

Abin da ya sa lambar ta karɓu shi ne sauƙinta. Ga yadda gwajin yake, kuma har yau kusan haka ake yi. Ɗan wasa zai hau na'urar tuƙi ya yi minti huɗu a hankali. Ya tsaya ɗan lokaci, a ɗauki ɗigo a kunne, a rubuta bugun zuciya. Ya sake yin minti huɗu da ƙarfin da ya ɗara na farko, a sake ɗauka. Haka har mataki shida ko bakwai. Sai a zana sakamakon a takarda. Da farko layin yana kwance, sai ya fara ɗagowa, can kuma sai ya miƙe sama kamar hawan tsauni. Koci zai duba ya ga a wane ƙarfi ne yaronsa ya kai 4. Bayan wata biyu a maimaita. Idan yanzu yana buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ya kai 4 ɗin, atisaye yana aiki. Idan layin bai motsa ba, ko ya koma baya, to akwai gyara.

A 1979 Kindermann da abokansa suka ƙara iyaka ta farko a wajen milimol 2, wato inda layin yake fara ɗagowa. Iyakoki biyu suka raba atisaye gida uku: mai sauƙi ƙasa da 2, matsakaici tsakanin 2 da 4, mai tsanani sama da 4. Waɗancan matakai biyar na agogonka, jikokin wannan rabon ne.

NASARAR JAMUS TA GABAS DA TABONTA

Ƙasar da ta fi kowa shahara da doguwar tafiya a hankali tare da gwaje-gwajen likitoci ita ce Jamus ta Gabas. A gasar Montreal ta 1976, wadda a cikinta aka fara barin mata su yi wannan tsere a Olamfik, ƙasar ta ɗauki zinare 9 cikin 14. A Mosko a 1980 ta ɗauki 11 cikin 14, duk da cewa wasu ƙasashe sun ƙaurace wa gasar.

Amma fa kada wani ya ce maka ɗigon jini kaɗai ya kawo wannan. Bayan rushewar katangar Berlin a 1989, takardu sun fito da suka tabbatar gwamnatin ƙasar tana da shiri na ɗura wa 'yan wasanta magungunan ƙara kuzari, har da yara matasa, kuma da yawa sun gamu da larurar da ta bi su har girma. Ilimin atisayensu na gaskiya ne, maguɗin ma na gaskiya ne.

Hujjar cewa tsarin yana aiki ko babu maguɗi ta zo ne da ya tsallaka iyaka. Wani kocinsu, Jürgen Gröbler, ya koma Ingila a 1991. Ya horar da Steve Redgrave da Matthew Pinsent suka ci zinare a 1992 da 1996, sannan a 2000 a jirgi mai mutum huɗu. Har yau a kulob-kulob na Ingila, atisayen da ya fi cin lokaci shi ne mafi sauƙi, wanda laktet ba ya wuce 2, filafili na shiga ruwa wajen sau 18 zuwa 20 a minti ɗaya.

ABIN DA ALƘALUMAN NORWE SUKA NUNA

Idan kana son hujja da lamba, ga ta. A 2004, Fiskerstrand da Stephen Seiler suka bi diddigin 'yan kwale-kwalen ƙasar Norwe da suka ci lambobin yabo na duniya daga 1970 zuwa 2001, su 28. Ga abin da suka samu tsakanin 'yan shekarun 1970 da na 1990:

Atisaye mai sauƙi, ƙasa da milimol 2, ya tashi daga awa 30 zuwa awa 50 a wata.
Atisaye mai tsananin gaske ya sauka daga awa 23 zuwa wajen awa 7 a wata.
Jimillar lokacin atisaye ta ƙaru daga awa 924 zuwa 1,128 a shekara.
Ƙarfin da suke fitarwa a gwajin minti shida ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100.

Sake duba layi na biyu. Sun rage azabar da kusan kashi biyu cikin uku, sai suka ƙara gudu. Hausawa suka ce sannu ba ta hana zuwa, su kuwa waɗannan ma sai da suka rage sauri suka riga kowa isa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Doguwar tafiya a hankali tana ƙara yawan ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, tana ƙara ɗakunan ƙona abinci na cikin ƙwayoyin tsoka, tana kuma sa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Ga shi ba ta gajiyar da mutum sosai, gobe ma zai iya fitowa. Shi kuwa atisaye mai zafi yana da amfaninsa, amma yana buƙatar hutu mai tsawo. Seiler ya ci gaba da bincike a wasu wasannin juriya, ya ga zakaru da yawa suna yin wajen kashi 80 na atisayensu a sauƙaƙe, kashi 20 da zafi.

Babban aikin da na'urar laktet take yi wa koci, ashe, shi ne taka wa ɗan wasa birki. Matashi mai jini a jika ba ya son a gan shi yana tafiya a hankali. Ranar sauƙi sai ya ƙara wuta, ranar zafi kuma ya zo a gajiye, duk atisayensa ya taru a tsakiya. Zai iya rantse wa koci cewa bai ji komai ba, amma kunnensa zai tona masa asiri.

AN WANKE LAKTET, AN KUMA SAUKE LAMBA 4 DAGA KARAGA

Ka tuna hukuncin da aka yanke tun zamanin tsokar kwaɗo? Tun da daɗewa Carl da Gerty Cori, mata da miji da suka samu Nobel a 1947, sun nuna cewa hanta tana karɓar laktet ta mayar da shi sukari. A tsakiyar shekarun 1980 kuma George Brooks na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya kawo bayanin da ya juya lamarin. Jiki yana yin laktet kowane lokaci, ko da iska ta wadata. Jini yana ɗaukar sa daga tsokar da ta yi shi ya kai wa zuciya da sauran tsokoki su ƙona shi a matsayin makamashi. Ciwon jikin da kake tashi da shi kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye ma babu ruwan laktet, domin cikin awa ɗaya ko makamancin haka ya koma daidai. Hawansa a jini alama ce kawai cewa abin da ake samarwa ya fi abin da ake kwashewa.

Ita ma lamba 4 ba ta tsira ba. A 1981 Stegmann da Kindermann suka nuna kowane mutum da tasa iyakar. A 1995 Ralph Beneke ya gwada abin a kan 'yan kwale-kwale kai tsaye. Ya sa su tuƙi mai tsawo a ƙarfi ɗaya domin ya ga inda laktet zai tsaya cak bai ci gaba da hawa ba. Sai ya samu a wajensu matsakaicin yana kusa da 3, kuma ƙarfin da lamba 4 take nunawa ya yi musu yawa su riƙe shi na dogon lokaci. Wato kocin da ya rufe ido ya bi 4, zai iya ƙona yaransa yana ganin kimiyya yake bi.

Saboda haka masu horarwa na yanzu suna kallon siffar layin kowane ɗan wasa, suna kwatanta shi da nasa na baya. Lambar da aka samo daga matsakaicin mutane da yawa ba lallai ta zama taka ba.

YADDA ƊAKIN GWAJI YA KOMA ALJIHU

Ga ɓangaren da ya fi shafar wannan shafi namu. Na'urori biyu ne suka fito da wannan ilimi daga jami'a zuwa hannun kowa.

Ta farko na'urar tuƙi ce. Wasu 'yan uwa biyu a Amurka, Dick da Pete Dreissigacker, masu kamfanin Concept2, sun fitar da tasu a 1981, da tayar keke a gabanta. Daga baya aka saka mata allo mai nuna ƙarfin kowane ja a ma'aunin wat. Misali, in allon ya nuna kana cin mita 500 a minti 2 cif, wajen wat 203 kake fitarwa. In ka sauko zuwa minti 1 da daƙiƙa 45, ka kai wajen wat 302. Daƙiƙa 15 kacal, amma ƙarfin ya ƙaru da kusan rabi. Allon na yanzu yana haɗuwa da waya ta Bluetooth, manhajar ErgData tana adana maka komai.

Ta biyu ita ce na'urar auna jinin. Tushenta yana komawa ga Leland Clark, wanda a 1962 shi da Lyons suka kawo dabarar haɗa sinadarin da ke gane abu ɗaya tak a cikin jini da wayar lantarki mai ba da lamba. Wannan dabara ce ta haifi na'urar gwajin sukari da masu ciwon suga ke amfani da ita a gida. A shekarun 1990 aka samu na laktet masu shiga aljihu, irin su Accusport da Lactate Pro. Lactate Pro ta farko minti ɗaya take ɗauka, ta biyun kuma daƙiƙa 15, da ɗigon da bai kai kan allura ba. Akwai ma masu tura sakamako ta Bluetooth. Shi ya sa za ka ga 'yan gudun Norwe irin su Jakob Ingebrigtsen suna tsayawa a tsakiyar atisaye ana tsikarar su, domin a tabbatar ba su zarce ba.

TO AGOGONKA FA?

Agogonka ba ya auna laktet. Hasashe yake yi. Irin su Garmin suna duba bugun zuciyarka da saurinka, su yi lissafi, su ba ka ƙiyasi. Manhajoji da yawa ma lissafinsu bai wuce su cire shekarunka daga 220 su ce ƙololuwar bugun zuciyarka ke nan ba, sannan su yanka matakai biyar daga nan. Wannan lissafi yana iya kaucewa da bugu goma ko fiye. In ka haɗa da zafin rana, da ƙishirwa, da rashin barci, waɗanda duk suna ɗaga bugun zuciya, za ka ga dalilin da ya sa bai kamata ka ɗauki launin da ke allon a matsayin hukunci ba.

Ga abin da za ka iya ɗauka daga tarihin nan ko ba ka taɓa ganin jirgin tsere ba:

1. Gwajin magana kyauta ne. Idan kana gudu ko tuƙa keke kana iya hira da cikakkun jimloli, kana ƙasa da iyakar farko. Idan kalma biyu ko uku kake iya fitarwa da ƙyar, ka haura ta biyu.
2. A cikin fita biyar, huɗu su zama na hira, ɗaya ta zama mai zafi.
3. Shiga saitin manhajarka ka duba yadda ta tsara matakan. In ta ce kana mataki na huɗu alhali kana hira lafiya lau, saitin ne ke buƙatar gyara.
4. Kwatanta kanka da kanka: hanya ɗaya, lokaci ɗaya na yini, bugun zuciya ɗaya. In bayan wata biyu kana isa da wuri, layinka ya matsa gaba.
5. In har ka samu na'urar laktet, sani cewa ta gwajin suga ba za ta yi wannan aiki ba. A goge gumi da ɗigon farko, domin gumi ma yana ɗauke da laktet. A ajiye tsinken gwajin nesa da zafi. Kada mutum biyu su yi amfani da allura ɗaya. Kuma in ka yi gwajin da yunwa, lambar za ta iya sauka ta yaudare ka.
6. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko wanda ya daɗe bai motsa jiki ba, ya fara ganin likita kafin atisaye mai zafi.

Abu ɗaya da babu na'urar da za ta gajarta maka shi ne lokaci. A gasar Landan ta 2012, Hamadou Djibo Issaka na Jamhuriyar Nijar ya shiga tseren mutum ɗaya bayan horon wata uku kacal. Ya gama a fiye da minti takwas, shi ne na ƙarshe, 'yan kallo kuma suka yi ta yi masa tafi saboda bai sare ba. Zuciya dai yana da ita. Abin da abokan karawarsa suka fi shi, dubban awoyi ne na tuƙi a hankali da suka tara shekara da shekaru.

Labarin kuma bai ƙare ba. A gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles, za a rage tseren zuwa mita 1,500 saboda tsawon wurin da za a yi shi. Tsere ya gajarce, rabon da ke tsakanin juriya da zafi zai ɗan motsa, masu horarwa kuma za su koma kan kunnuwan yaransu su sake lissafi.

Gobe in ka fita atisaye, gwada na hirar nan, ka ga ko matakin da agogonka ya nuna ya yi daidai da abin da bakinka ya iya faɗa. In rubutun ya amfane ka, tura wa wannan abokin naka da kullum sai ya dawo daga gudu yana haki kamar zai faɗi. Sai mun haɗu a darasi na gaba.